Ɗana, Kasuwar Ƙofa Za Ta Ci Ta Watse

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka ce kai da makaranta sai wata rana, walda za ka shiga, tunda yanzu a unguwarmu ta Hajj Yusuf babu mai riƙe kuɗi irin mai injin walda. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma da wannan rabin zan fara, don kada ka ɗauka tsoho ya zo ne ya hana ka neman na kanka.

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Gabashin Nilu na jihar Khartum a watan Maris na 2025 mutane suka fara komowa, abin da magidanci yake fara nema ƙofa ce. Mutum ya dawo daga Gadarif ko Shandi ko Masar, ya tarar an ɓalle ƙyauren gidansa, an cire tagogi, an zare wayoyin wuta daga jikin bango saboda jan ƙarfen da ke ciki, wani ma har kwanon rufi an kwashe. Ba zai kwana da iyalinsa a gida wangame ba. Shi ya sa duk warshar da ta samu janareto da man zuba masa, daga Shari' Wahid har bakin kasuwar Suk Sitta, aiki ya sha kanta. Mai shayi tana son kanun, wato murhun gawayi, da 'yan kujerun banbar. Mai karo, wato keken jaki, yana son a ɗinke masa gangar ruwa. Wanda 'yan'uwa suka haɗa masa kuɗin faifan sola daga Saudiyya yana son a ƙera masa ƙafafun da zai ɗora shi a kan rufi. Gadon ƙarfen nan da muke saƙa wa igiyar roba mu fito da shi tsakar gida da dare, shi ma sai an sake. Idonka bai ruɗe ka ba, aiki akwai shi.

To ga sauran rabin. Wannan kasuwa za ta ci ta watse. Gidan da ya sa ƙofa bana ba zai sake neman wata ba sai bayan shekara goma ko ashirin. Kuma abin da ka gani, duk yaran unguwa sun gani. Kowa yana tara kuɗin ɗan ƙaramin injin nan na ƙasar Sin da ake ratayawa a kafaɗa. Nan da 'yan shekaru za ku cika bakin titi, goma suna jiran mai gyaran kujera ɗaya, kuna karya wa juna farashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Aikin da zai saura a lokacin shi ne babban aiki, wanda ba a ba wa kowa. Gadar Shambat da ta haɗa Bahri da Umdurman ta karye tun Nuwamba 2023. Matatar mai ta Jaili ta sha wuta. Masana'antun Bahri, da birnin masana'antu na Giad da ke kudu da Khartum, da tashoshin ruwa, da bututun da ke kai ruwan gidaje, duk suna jiran hannu. Masu wannan aiki ba sa tambayar ƙofa nawa ka taɓa haɗawa. Ƙarfe biyu za su miƙa maka su ce ɗinka, su tsaya a kanka suna kallo, sannan su yanka ɗinkin su lanƙwasa shi su ga ko zai tsage. Don wannan ranar nake so ka shirya, kuma shirinta a makaranta yake.

Na san abin da ke ranka. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya cinye muku shekarun karatu, har jarrabawar shahadar Sudan, wato ta kammala sakandare, ta waccan shekara ba a rubuta ta ba sai Disamba 2024. Ka girma, gashin baki ya fara tsirowa, kana jin kunyar zama a benci ɗaya da ƙannenka. Ban raina wannan kunyar ba. Amma makarantar da nake nufi ta bambanta da wadda kake gudu. Hanya biyu ce a gabanka idan ka gama matakin da ke ƙasa da sakandare. Akwai sakandaren fasaha, ɓangaren sana'a, inda ake raba mako tsakanin aji da warsha, a ƙarshe ka zauna jarrabawar shahada. Wanda ya yi ƙoƙari yana iya wucewa har jami'a. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan ma ai daga nan ta taso: Cibiyar Fasaha ta Khartum ce ta 1950, ta zama kwalejin fasaha a 1975, ta zama jami'a a 1990. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙarƙashin majalisar ƙoli ta horon sana'a da almajirancin masana'antu, inda ake shekara uku a fito da difloma, ga kuma gajerun kwasa-kwasai na 'yan watanni, har da jarrabawar gwada gwaninta ga wanda ya koyi aiki a bakin titi yana son takarda. Akwai cibiyar da Jamusawa suka taimaka aka kafa a Khartum, da ta Koriya a Jabra, da ta Sin a Umdurman. A nan Hajj Yusuf ɗinmu ma akwai ɗaya daga cibiyoyi huɗun da jihar Khartum ta samar da taimakon hukumar UNIDO da Tarayyar Turai. Sauran suna Karari da Halfaya da kudancin Khartum. Shekaru da yawa yaranmu suna wucewa ta bakin ƙofar cibiyar unguwarmu suna tafiya tura baro a Suk Sitta, iyayensu ba su taɓa leƙawa sun tambayi me ake koyarwa a ciki ba. Wannan sakacin namu ne, mu manya.

Dalilin sakacin kuwa raini ne. An sa mana a kai cewa sakandaren fasaha ta waɗanda makinsu bai kai ba ce, ɗan kirki likita zai zama ko injiniya mai zama a ofis. Muka kuma zauna cikin jama'ar da wasunsu, musamman daga yammacin ƙasar nan da Chadi, ba sa auren maƙeri ba sa cin abinci da shi, har abin ya fara shafar tunanin 'ya'yanmu. Wannan ba gadonmu ba ne. A ƙasar Hausa Sarkin Maƙera mai rawani ne, yana da wurin zamansa a fada. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda suka tsaya a Jazira a kan hanyar Makka, da fartanya da lauje suka ci abinci, kuma wani ne ya zauna gaban zuga-zugi ya ƙera su. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa yana ci daga guminsa. Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidan maƙeri aka shayar da shi a Madina. A Sudan ɗin ma, ka tambayi kowa wane gari ake wa kirari da birnin ƙarfe da wuta, zai ce maka Atbara, inda ma'aikatan warshar jirgin ƙasa suka kafa ƙungiyarsu a 1946, tun Ingilishi yana mulki, suka koya wa ƙasa duka yadda ma'aikaci yake neman haƙƙinsa. Wanda ya raina maka baƙin hannu, bar shi; ranar da ƙyaurensa ya faɗi zai zo da sallama.

Yanzu bari in gaya maka abin da aji zai ba ka wanda bakin titi ba zai ba ka ba, don kada ka ce faɗa kawai nake yi.

Na farko awo. Ka taɓa ganin ƙofar da sai an ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa? Ba ƙarfen ne ya yi laifi ba. Wanda ya haɗa firam ɗin bai auna shi daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa ba. Idan ka shimfiɗa ƙarafa huɗu a ƙasa, ka ja tef daga wannan lungu zuwa wancan, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren, lambobin biyu dole su zo ɗaya. Idan sun bambanta ko da rabin santimita ne, ƙofarka ta karkace tun ba a ɗaga ta ba. Ko ba ka da ma'aunin kusurwa, ka auna santimita 60 a wannan gefe, 80 a wancan, tsakaninsu ya ba ka 100 cif, to kusurwarka ta tsaya. Lissafin da kake gudu a aji ke nan, ya biyo ka warsha. Sannan ƙarfe yana ja idan ya huce. Mai gaggawa sai ya kama lungu ɗaya ya cika shi da walda, kafin ya zagayo firam ya murɗe. Gwani ɗiga-ɗiga yake fara yi a lunguna huɗu, ya sake aunawa, ya buga da guduma inda ya kauce, sannan ya ɗinke nan kaɗan, ya tsallaka kishiyarsa kaɗan, don jan ya raba kansa.

Na biyu sanin dalili. Ɗauki kwalin sandar walda ka duba lambar da ke jiki. Yawancin abin da ake aiki da shi a bakin titi 6013 ce, mai sauƙin kamawa, mai kyan fuska, ta dace da ƙofa da taga. Yaro zai shekara biyar yana ƙona ta bai san lambobin magana suke yi ba: biyun farko ƙarfin da ɗinkin zai ɗauka, ta uku ko za a iya aiki da ita a tsaye da sama da kai, ta ƙarshe irin rufinta da irin wutar da take so. Ranar da aka kawo masa ƙugiyar tirela ko ginshiƙin da zai ɗauki tankin ruwa, da ita zai ɗinka, domin ita ya sani. Wanda ya zauna aji ya san wannan aikin 7018 ne, ya san kuma ita ba ta son danshi ko kaɗan, sai an adana ta a wuri mai ɗumi, in ba haka ba ɗinkin zai yi kyau yau ya tsage daga ciki bayan kwanaki. Ya san sanda mai kaurin milimita 2.5 wutar da take so ba ta kai ta mai 3.2 ba, ba zai murɗa injin ƙarshe ya huda faifan mutane ba. Ya san ƙarfen zubi, irin na jikin famfo da injin ban ruwa, sai an ɗumama shi tukuna, a ɗinka da sandar nikel, a binne shi cikin yashi ya huce a hankali. Alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa galibi nasu injin daban ne, mai iskar argon, wanda ba kowace warsha ke da shi ba, kuma a nan kuɗin yake. Ga karanta zane. Injiniya ba zai tsaya yana nuna maka da yatsa ba, takarda zai ba ka mai alamomi ya tafi. In ba ka iya karanta ta, kai ne mai riƙe wa wanda ya iya ƙarfe, ko da ka girme shi.

Kada ka ji na yabi aji ka ɗauka ya wadatar. Na sha ganin mai difloma da hannunsa ke rawa. Wasu makarantun ma yara ashirin ne a kan inji ɗaya, sandar waldar ƙidaya ake ba su. Don haka da yamma da ranakun hutu ka nemi usta, wato ƙwararren mai warsha, ka durƙusa. Hannu a wurinsa ake samunsa: yadda za ka karta sandar ta kama ba tare da ta manne ba, yadda za ka riƙe tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba alhali tana cinyewa tana gajarta, yadda idonka zai bar kallon hasken ya koma kallon ɗan tafkin narkakken ƙarfen da ke bin bayanta. Kunne ma yana aiki. Wutar da ta daidaita ƙararta a jere take, kamar ana suyar ƙosai. In ka ji tana fashe-fashe tana tsayawa, wani abu ya kauce. Idan ɗinki ya yi, ɓawon da ke kansa da kansa yake ɗagowa yana hucewa, ɗan taɓi kaɗan ya faɗi, ka ga layi a jere ba rami ba ƙuraje. Wannan ba a karanta shi, sai an ƙona kwali bayan kwali.

Wajen zaɓen usta, kada ka bi wanda ya fi yawan jama'a. Dubi yaransa. Idan ka ga wanda ya shekara uku har yanzu shayi yake sayowa da goge tsatsa, wuce. Dubi bayan aikinsa, wurin da zai jingina da bango, ka ga ko ya ɗinke ko ya bari. Idan ka samu na kirki, ka riga shi zuwa, ka share wuri, ka naɗe waya, kada ka kira shi da gatsal, kuma kada ka kawo masa "a makaranta an ce" a gaban mai kaya. Bari sai kun keɓe ka tambaya da ladabi. Wani abin ya fi malaminka sani, wani abin kai za ka fi shi, kuma ba dole ba ne ya ji hakan daga bakinka.

Sai maganar jikinka, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Hasken walda yana ƙona fatar ido, kuma ba a jin sa nan take. Sai tsakar dare yaro ya farka idonsa cike da yashi, hawaye na zuba, ba ya iya buɗewa. Da safe a ɗiga masa ruwan shayi, a yi dariya, a ce ya shiga sana'a. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne, rufe ido a kau da kai ma ba kariya ba ne. Garkuwar fuska ake sawa mai gilashi lamba 10 zuwa 12, da farin tabarau lokacin yanka da gogewa, domin tsinin ƙarfe ɗaya ya isa ya tsiyayar da ido. Hayaƙin ma kada ka raina shi: tun 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Bututun ruwa mai farin rufin zinki kuwa, hayaƙinsa zazzaɓi yake saukarwa a daren, ka ɗauka cizon sauro ne. Madarar da ake cewa a sha ba ta wanke huhu. Yi aiki inda iska ke wucewa, ka kau da kanka daga saitin hayaƙin. Ka bar rigar leda, ka sa ta auduga. Ka bar silifa, ka sa takalmi rufaffe. Kada ka tsaya cikin ruwa da waya a hannu.

Abu biyu kuma kashewa suke nan take. Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur ko tankin raksha, wato babur mai ƙafa uku, ko an ce maka ta shekara a bushe, tururin yana nan a ciki. Ba a kai mata wuta sai an wanke ta sosai, an buɗe bakinta, an cika ta da ruwa har kusa da wurin aiki. In mai ita yana sauri, ya kai wa wani. Na biyun yaƙi ne ya bar mana shi. Garin nan cike yake da harsasai da rokoki da ba su fashe ba, a kango, a bola, cikin tarin tsohon ƙarfen da yara ke tsintowa suna sayarwa a kilo. Masu aikin kwance nakiyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta gargaɗi a kan haka. Duk ƙarfen da ba ka gane kansa ba, mai siffar bututu rufaffe, ko mai fiffike a gindi, kada ka yanka, kada ka buga, kada ma ka ɗaga. Matsa, ka hana yara zuwa, a kira hukuma.

Tunda na ambaci tsohon ƙarfe, ga wata magana. Za a kawo maka ƙofa mai kyau da rahusa, ko tarin rodi, ko injin walda sabo a rabin kuɗi, a ce mai shi ya yi tafiya. Ka san daga inda suka fito, ni ma na sani. Ƙofar wani bawan Allah ce da ke zaune a sansani ko a gidan haya a Port Sudan yana lissafin ranar komowa. Mu da ake yawan nuna wa yatsa a ƙasar nan ana tambayar asalinmu, bai kamata a samu ko ƙusa ta wani a warsharmu ba.

Sana'ar nan tana da wurin ɓoye ha'inci fiye da yawancin sana'o'i, domin ma'ajun na cike rami da fenti suna rufe komai. Mai gida ya biya kuɗin faifai mai kauri a sa masa sirara, a ɗiga walda nan da can, a cike ramukan, a fesa shuɗin fenti, ya karɓa yana godiya. Wani maƙwabcinmu haka aka yi masa da ƙafafun sola. Guguwar habub ta farko da ta taso kafin damina ta ɗauke faifan ta jefa su gidan bayansa, Allah ya kiyaye babu yaro a tsakar gida. Wanda ya yi aikin har yau yana unguwar, amma a layinmu babu mai sake kiransa. Faɗa wa mutum gaskiyar kaurin da kuɗinsa zai saya, ya zaɓa da kansa. Kuɗin kafin alƙalami kuma na ƙarfe ne, ba na cefane ba. Da yadda fam ɗin Sudan yake zubewa, farashin da aka ba ka a kasuwar Sajjana da safe ba lallai ya kai yamma ba, don haka ranar da ka karɓa ranar za ka sayo. Bututu da ƙarfen kusurwa mita shida-shida suke zuwa. Zauna da biro ka tsara yankan kafin ka kunna inji, don guntayen da kake zubarwa ribarka ce. Ka lissafa sanda, da faifan yanka, da man janareto, da fenti, da kuɗin karo, da ladan yaronka, sannan ka sa naka. Da yawa sun iya walda, lissafi ya rufe musu warsha.

In Allah ya sa ka ƙware, kada ka tsaya a ɗinkin kwance. Nemi na tsaye, da na sama da kai, har ka kai gwajin bututun da ake kafewa a karkace, wanda ake kira 6G. Shi ne mabuɗin aikin mai da gas, irin bututun da aka ja daga Hijlij zuwa Bahar Maliya a 1999. Masu tunanin Saudiyya kuma su sani tun 2021 ta fara jarraba masu sana'ar hannu kafin ta yarda da su, zamanin zuwa da baki kawai a ce "na iya" yana wucewa.

Yaƙi ya taɓa makarantu kamar yadda ya taɓa gidaje, don haka kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Cikin makon nan ka ɗauki mahaifinka ko kawunka ku je da ƙafarku, ku fara da cibiyar unguwarmu, ku ga wadda ta buɗe, wane sashe ke aiki, yaushe ake ɗauka, inji nawa ke tashi. Ka haɗa takardar makarantarka ta baya, in ta ɓace a gudun hijira ka fara neman madadinta tun yanzu. Lambar ɗan ƙasa kuma ka tabbata tana hannunka. Ka san irin wahalar da iyayenka suka sha a kan takardar jinsiyya, wato ta shaidar zama ɗan ƙasa, kuma babu rajistar da za a yi maka ba tare da lambar ba. Kuɗin da kake tarawa na inji, ka ajiye su tukuna. Ciri kaɗan ka sayi garkuwar fuska da safar hannu ta fata da tef mai mita biyar, da su za ka je wurin usta ranar Asabar.